Ki Ɗora Ubanki a Sikeli

Tarauni, Kano

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina miki gaisuwar uba ga 'yarsa, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, kuma ɗazun nan kika durƙusa kika gaishe ni. Allah Ya tsare min ke a ƙasa, Ya tsare ki a sama, Ya sa duk jirgin da kika tayar ki sauke shi da hannunki, ki fito da ƙafafunki.

Ranar Lahadi za ki bar gidan nan ki je ki kama aikin tuƙa ƙananan jiragen shata, aikin da ni na yi aka kore ni. Na zaɓi takarda ne saboda sunan mahaifiyata gare ki. Tun da aka haife ki ban taɓa iya kiran sunanki na yanka ba, balle in zaunar da ke in yi miki faɗa ido cikin ido. Kin ga ke nan ciwon da zan yi magana a kansa ba a waje kika ɗauko shi ba.

Jiya da la'asar ina kishingiɗe a falo, kun ɗauka barci nake. Ke da Mamanki kuna kicin, kina ba ta labarin kyautar bankwana da kika shirya min: kin roƙi malaminki ya bar miki ɗan jirgin nan mai kujera biyu da kika koyi tuƙi da shi, ranar Asabar ki ɗauke ni mu zaga sararin Kano. Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Har na fara tunanin hular da zan sa. Sai na ji kin rage murya.

"Mama, wai Baba zai kai kilo nawa?"

"Ga shi can a falo, je ki tambaye shi mana."

"Haba Mama! Wallahi ina jin nauyinsa. Bari kawai in kintata."

Na ji Mamanki ta ajiye ludayi a kan murfin tukunya, ta fita tsakar gida, ta daɗe ba ta dawo ba. Ke ba ki san abin da kika taɓa ba. Ita ta sani, don wannan maganar ce ta kwantar da ubanta.

Mun haɗa abu biyu a kalma ɗaya mun cuci kanmu. Nauyin da sikeli yake aunawa daban, nauyin da ake ji a zuci daban, amma suna ɗaya muke kiran su da shi. An tashe mu a kan cewa idan kana jin nauyin mutum ba ka kallon lomarsa, ba ka tambayar shekarunsa, balle kilonsa. Babba ya ajiye tumbi ma cewa muke "Alhaji ya murmure," ko "hutu ya karɓe shi." Jirgi kuwa ba a Kano aka raine shi ba. Bai san Alhaji ba, bai san suruki ba, kuma ba zai san ni ubanki ne ba.

Kafin in zo kan kakanki, bari in fara da ƙaramin laifi, don shi ne ya fi nuna ko ni wane ne. Kin san Sista Rifkatu, 'yar Filato mai kemis a Darmanawa, wadda take aiko mana da cincin duk Kirsimeti. Lokacin tana aikin jinya, an taɓa ɗaukar shatar jirginmu a kai ta wani asibitin ƙauye da kwalayen magani. Mace ce mai jiki tun tana da ƙuruciyarta. Ranar ban yi wata-wata ba, na jawo sikelin kaya tsakar fili, gaban leburori da direbobi, na ce ta hau. Da allurar sikelin ta tsaya na karanta da ƙarfi, na ƙara da cewa, "Sista, ke kam kujera biyu ya kamata a kama miki." Aka kwashe da dariya. Ta sauko, ta gyara ɗankwalinta, ta ce, "Kaftin, ka gama? To mu tafi, marasa lafiya na jira." Abin da doka ta ce na yi, amma da mugunta na yi shi. Kuma na auna ta ne don ba na jin nauyinta: mace ce, ba 'yar gari ba ce, ba ta da wanda zai buga wa manajanmu waya. Sikelina na marasa gata ne.

Saboda haka ki auna kowa, kada ki zaɓa. Ki fara hawa da kanki suna gani, da jakarki a kafaɗa, sannan mai gida, sannan mai riƙe masa jaka. Ki juya fuskar sikelin inda ke kaɗai za ki gani, ki rubuta, ki yi shiru. Idan da hali ma tun a waya ki tambaya kafin ranar tafiya, ki kuma faɗa musu za a sake aunawa a filin jirgi, don kada mutum ya zo da 'yan rakiya sannan ya ji abin da bai shirya ji ba. Mai ƙiba ya sha kallo tun daga ƙofar gidansa kafin ya iso gare ki, ba ya bukatar ki ƙara masa da naki.

Yanzu kakanki, Alhaji Babba na Gyadi-Gyadi, mahaifin Mamanki. Ke a kwance kika san shi, a ɗakin nan na kusa da soro mai warin man zafi, kina hawa gadonsa yana ba ki dabino. An gaya miki iska ce ta kaɗa jirgin. Haka ake gaya wa kowa, ni ma ban taɓa musawa ba, don ƙaryar tana rufa min asiri. Ranar ko ganye bai motsa ba.

Mutum ne dogo kakkaura, idan ya sa babbar riga sai ya cika ƙofa. Aka gayyace shi ɗaurin aure a wani gari mai nisa, hanyar mota ta lalace, sai ya ce ai shi yana da suruki matuƙin jirgi. Ya ɗauki shatar jirginmu mai kujera shida, shi da abokansa uku, yana ta gaya wa mutane a ƙofar masallaci cewa mijin Binta ne zai tuƙa. Da suka iso filin jirgi sikelin yana nan jingine da bango. Na kalle shi, na kalli Alhaji, na durƙusa na gaishe shi, na wuce. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, da wane baki zan ce ya hau abin da ake auna buhu da shi? Na kintata, kamar yadda kika ce za ki yi. Kuma da ladabi na kintata, wato na rage masa. Abokan ma na rage musu, don bai dace a girmama ɗaya a bar sauran ba.

Kada ki yarda da idonki, Ummi. Babbar riga da mayafi an ɗinka su ne don su ɓoye abin da kike nema. Kada ki yarda da bakin mutum ma. Ba ƙarya yake miki ba, kilon shekarar da ya yi aure yake tunawa.

Sai maganar kujera. Kin san babban mutum a ƙasar nan ba ya zama kusa da direba. Gidan baya yake zama, ta hannun dama, gaba kuwa wurin yaran gida ne. Alhaji yana shiga ya nufi kujerar ƙarshe. Ni kuma na san karatun: mai nauyi kusa da fiffike yake zama, idan ya koma can wajen jela sai ya danne ta, hancin jirgi ya ɗaga. Na tattaro duk ƙarfin halina na ce, "Baba, da ka dawo nan gaba, an fi ganin gari." Kin ji ni fa, wai an fi ganin gari! Ɗaya daga cikin abokan ya ce, "Kai Kaftin, Alhajin ne zai zauna gaba kamar yaron mota?" Suka yi dariya, ni ma na taya su.

Da na faɗi dalilin a fili, da ya tashi. Ba mutum ne mai taurin kai ba, ni ne na naɗe gaskiya cikin ladabi har ta daina zama gaskiya. Ke ki faɗa yadda take: jirgin ba zai tashi daidai ba sai wane ya zauna nan. Idan kuma kika dawo da mai jiki gaba kusa da ke, ki ja sitiyari har ya ƙure, ki murɗa shi dama da hagu tun kuna ƙasa, ki tabbata cikinsa da gwiwoyinsa ba su tare shi ba.

Abu na gaba shi ne wanda har yau nake gani idan na rufe ido. Bel ɗin kujerar bai kai ba. Na ga ya ja, ya sake ja, ya rage ɗan kaɗan. Ya ɗago muka haɗa ido, kunya ta kama shi, ta kama ni. Sai ya jawo riga ya rufe cinyarsa kamar ya ɗaura, ni kuma na juya kamar ban gani ba. Akwai ƙarin bel da ake jonawa, irin wanda hukuma ta amince da shi. Yana can ofis. Amma in na fita na ɗauko, kowa zai san bel bai zagaye Alhaji ba. Ke ki riƙa ajiye naki a cikin jirgi, ki miƙa ba tare da kin ce uffan ba, kuma kada ki kunna inji sai kin ji ƙarar shigarsa da kunnenki. Wanda bel bai kama ba ba ya tafiya, ko shi ya sayi jirgin.

Da safe muka tashi, iska da ɗan sanyinta, titin jirgi na Kano kuma dogo ne. Jirgin ya ɗaga da ƙyar, hancinsa na ta neman sama ina danne shi, amma mun isa. Wannan isar ce ta ƙarasa ni. Na ce a raina ashe lissafin littafi tsoro ne kawai na Turawa.

Bayan azahar muka dawo filin jirgin garin, tsakiyar bazara, an ci an ƙoshi. Masu biki suka biyo mu da tsaraba: buhun shinkafa 'yar gida, jarkar man gyaɗa, ƙullin kilishi, duk ana cewa "na Alhaji ne." Wa zai mayar wa mutane da kyautarsu a gaban idonsu? Wurin kaya kuma a jela yake, daidai bayan kujerar Alhaji. Titin garin na ƙasa ne, gajere, ƙarshensa gonaki. Iskar zafi ba ta da ƙarfin ɗaukar jirgi kamar ta safe, sai ya yi dogon gudu kafin ya ɗaga. Duk na san wannan, jarrabawa na ci a kansa. Ina iya cewa kaya su biyo mota. Ina iya yin sawu biyu, ko in ce a jira rana ta yi sanyi. Amma kowanne sai na buɗe baki a gaban surukina, don haka na zaɓi in rufe ƙofar jirgi.

Sai da muka cinye titin kaf tayoyi suka bar ƙasa. Suna bari hanci ya miƙe sama. Na tura sitiyari da iya ƙarfina har ya ƙure, bai sauko ba. Ƙararrawar gargaɗi ta ɗauka, abokan Alhaji suna salati, sai fiffiken hagu ya saki, muka faɗo cikin wata gona da aka share ana jiran damina. Ba mu yi nisa sama ba, shi ya sa ba a rasa rai ba. Duk wanda ke ɗaure ya fito da ƙafarsa, da ƙujewa da targaɗe. Alhaji kaɗai kujera ta jefar, buhun shinkafa ya bi bayansa. Bai sake tsayuwa ba har ya koma ga Allah.

Shugaban masu bincike dattijo ne Bahaushe, ya fi ni sanin mene ne suruki. Ya tambaye ni, "Ka auna shi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, surukina ne." Ya ce, "Na sani. Ka auna shi?" Nan aka gama shari'ata. Manajan da ya saba buga min kafaɗa yana cewa ni na iya zama da manya, ranar cewa ya yi sikeli na nan a jingine, ba wanda ya hana ni. Bai yi ƙarya ba kuma. Doka ba ta san manaja ba, matuƙi ta sani, shi ya sa hannu cewa jirgin bai wuce iyakarsa ba. Aka karɓe lasisina.

Ki riƙe wannan, don za su matsa miki. Za a ce fasinjan nan babban kwastoma ne. Za a ce ki rage mai ki ƙara mutum. Ana rage mai, amma akwai iyakar da doka ta gindaya, man da zai kai ki da man ko-ta-kwana, ba a taɓa su don a faranta wa kowa. Za a ce wane ya ɗauki fiye da haka jiya kuma ya sauka lafiya. Ni ma na sauka lafiya da safen. Masu ce miki "ba komai" a ƙasa za su tsaya, kuma ranar bincike ba za su tuna sun faɗa ba.

Alhaji bai taɓa zagina ba. Da ma ya zage ni, da na samu sauƙi. Duk wanda ya zo dubiya cewa yake ƙaddara ce, kada a ɗora wa yaron nan. Kullum da safe kafin in buɗe shago sai in bi ta Gyadi-Gyadi, ni da kawunanki mu ɗaga shi a canza shimfiɗa, a shafa masa magani inda kwanciya ta ci. Wata rana na rungumo shi ta ƙirji, fuskarsa dab da tawa, sai ya ce a hankali, "Lawan, da na koma gaban nan da ka ce, da me zai faru?"

Na ce, "Da wataƙila mun sauka lafiya, Baba."

"To me ya hana ka faɗa min haka?"

"Na ji nauyinka ne."

Ya yi 'yar dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ai kuwa ga shi nan kana ji kullum."

Bai sake tayar da zancen ba, ni ma haka. Mamanki tana bakin ƙofa da ruwan ɗumi a hannu, ta ji komai, kuma har yau ba ta taɓa goranta min ba. Wannan shirun nata ya fi duk wani gori ciwo.

Sauran kin gani da idonki. Na koma ɗan shagon hoton takardu, ɗaliban asibitin koyarwa suna kirana Kaftin, wasu don ladabi, wasu don sun ji labari. Na zauna a kujerar roba shekara da shekaru, kina tsawo ina faɗi. Idan jirgi ya wuce ba na ɗaga kai a gaban mutane, sai in yi kamar ina neman wani abu a durowa. Ranar da kika ce tuƙin jirgi za ki koya, Mamanki ta kasa cin abinci. Ni na lallashe ta. Na ce mata, "Ki bar ta, ita za ta yi daidai inda na ɓata." Sai ga shi jiya na ji bakina yana magana a kicin da muryarki, kuma raina ya ɓaci fiye da yadda ya taɓa ɓaci da ke.

Yau da safe na hau adaidaita na tafi Darmanawa. Sista Rifkatu tana da sikeli a kemis ɗinta. Ta jira masu sayen magani suka fita, ta saki labule, ta ce, "Hau, Kaftin." Ta duba, ta nuna min da yatsa, ba ta furta ba. Sai ta tambaye ni ya jikin Binta, ya shirin tafiyarki. Na dawo gida na zauna na yi lissafi, don na san jirgin nan, a irinsa ni ma na koya. Na sa ki, na sa man da doka ta wajabta, na sa kaina. Bai shiga ba. Na cire takalmi da babbar riga, na ɗora wa kaina azumi, na sake lissafawa. Bai shiga ba.

Ba zan gaya miki kilon ba. Kuma ba zan ce ciwon ƙafata ya tashi don in sauƙaƙa miki ba, ko da yake na yi tunanin hakan. Zan zo ranar Asabar, da babbar rigata da hular da na zaɓa, da Mamanki idan ta yarda, da duk maƙwabcin da ya ce zai raka mu. Kuma ki shirya, don zan roƙe ki. Na san kaina. Ina jin warin man jirgi zan manta da wannan takardar. Zan ce ɗan zagaye ɗaya ne kawai. Zan ce ni ma matuƙi ne, tun ba a haife ki ba nake wannan aikin. Zan ce ki rage mai. Wataƙila in ɓata rai, in ce don kin yi karatu kike son ki kunyata ni a gaban mutane. Ina so in ga rufin gidan nan daga sama, in ga Dala, in ga Gyadi-Gyadi ta zama 'yar mitsitsiya yadda ba za ta iya kallona ba. Ina so fiye da yadda zan iya rubutawa, kuma na san ba wanda zai sake yi min wannan tayin.

Ki hau sikeli ina gani. Ki ce in hau. Ki juya fuskarsa, ki rubuta, ki yi lissafinki a natse. Sannan ki ɗago ki dube ni, ba ƙasa ba, ki ce, "Baba, ba zan ɗauke ka ba." Idan kika iya faɗa wa ubanki wannan, babu attajiri ko mai mulkin da zai sa harshenki ya yi nauyi a inda za ki. Idan kuwa kika ji nauyina kika buɗe min ƙofa, zan shiga, don ba ni da ƙarfin ƙi. Amma ki sani ban yafe miki ba.

Kujerar kada ta tafi a banza. Mamanki ba ta kai rabina ba, kuma tun ranar da aka shigo da ubanta a kwance ba ta sake yarda ta taka filin jirgi ba. Ki roƙe ta, wataƙila ke ta ji maganarki. Ita ma ki auna ta. Ni zan tsaya a bakin wayar shinge tare da 'yan rakiya, kuma a karon nan zan ɗaga kai.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki ladabin da ba zai kashe kowa ba. Ya raba ki da sharrin ƙarfe da na zafin rana da na masu cewa ba komai. Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya, Ya jiƙan Alhaji Babba, Ya yafe wa wanda ya rufe ƙofar jirgin nan. Amin.

Mahaifinki,
Lawan, wanda za ki bari a ƙasa.